Gunkin Ruwa a Jikin Rumbu

Shekarar da damina ta ƙi a Kajiji, malaminmu ya nuna mana hoton tsohon littafin mutanen Maya, wata al'umma ta can nesa da ƙasarmu: gunkinsu na ruwa, da ɗigo-ɗigon lissafin kwanakin shuka. Da yamma na zana shi da gawayi a jikin rumbunmu.

Baba ya dawo daga gonarsa da ke bushewa, ya tsaya a kaina.

"Ke, wa kika kirawo muna gida?"

Na yi bayani. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya miƙo mini buta.

"Wanke shi, ɗiyata. Allah kaɗai muke roƙo." Da ya juya, ya ce a hankali, "Ashe su ma sun jira ruwa."

Har yau, in hadari ya watse, muryarsa nake ji.