Teku Kamar Tabarma

Minti arba'in da fara fim ɗin, Akawun makaranta ya riga ya yi barci sau biyu. Malamar Tarihi ta harare shi ta gefen ido, ta haɗiye tsaki. Wai waɗannan ne alƙalan da za su yanke ko ya dace 'yan ajin ƙarshe su kalli fim ɗin: mai gyangyaɗi ɗaya, Firinsifal da ba shi da ra'ayi sai na aro, wata uwa da lemon kwalba ya kawo ta, sai Shugaban Iyaye, wanda gari duka ke kira Baba Nakowa.

Malamar ce ta nemo fim ɗin, ita ta aro majigi, ta rataya zanin gado a kan allo, ta jona wayarta da babbar lasifikar taro. Labarin wasu samari ne da suka bi sahara zuwa bakin teku, za su tsallaka zuwa ƙasar da aka ce musu da tsintsiya ake share kuɗi. Akwai duka, akwai gawa, akwai abin da aka yi wa wata yarinya a bayan ƙofa. Ta san ba fim ɗin yara ba ne. To amma ai yaran ne ke tafiya. Shida a ajinta sun daina zancen jarrabawa, sun koma ƙus-ƙus a bayan ɗakin karatu. Haka ƙaninta Auta ya fara shekara biyu da suka wuce, yana ɗan sha bakwai. Tun da ya tafi, abin da ya bar mata saƙon murya ɗaya ne, na daƙiƙa ashirin.

Baba Nakowa kaɗai ke kallo da ido biyu, yana kaɗa tarin makullansa a yatsa kamar yadda ya saba. Shi ne mai shagon hoto a tsallaken titi. Ya san kowane yaro da sunansa, ya san wanda ya faɗi jarrabawa da wanda ubansa ya rasu, hoton fasfo kuwa kyauta yake musu. Da shi Malama ta dogara, don sauran ukun hotiho ne.

Da aka nuno motar samarin a cikin yashi, sai ya yi dariya.

"Ji shirme. Wa ke shiga sahara da jarka tsirara? Buhu ake ɗinka mata."

Firinsifal ya gyaɗa kai, sai ka ce a can aka yanke masa cibiya.

Da kwalekwalen roba ya fara shan ruwa, uwar nan ta rufe ido da mayafi, amma ba ta saki kwalbar ba. Makullan Baba Nakowa suka yi ƙara.

"Wannan kuma sharri ne. Ni dai ban taɓa ganin teku ba, amma a irin wannan watan ai kamar tabarma take, a shimfiɗe."

Aka kunna fitila. Malama ta miƙe ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ta ce gara su ga gawa a zanin gado da a aiko wa iyayensu labari. Ta ambaci yara shidan, ta ambaci Auta, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba.

Baba Nakowa ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya gyara zama. Ya ce 'ya'ya amana ne. Ya ce akwai tsiraici, akwai ashar, akwai abin da zai hana yaro barci ga jarrabawa ta ƙarato. Ya ce wanda bai san ana tafiya ba, yau da hannunmu za mu nuna masa hanya?

Aka ce masu son a hana fim ɗin su ɗaga hannu, hannu uku suka tashi. Akawu ya farka, ya ga hannuwa a sama, ya ɗaga nasa ya cika huɗu. An kare tarbiyya, kowa ya shafa addu'a ya nemi takalminsa.

A bakin ƙofa Baba Nakowa ya tsaya.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Yara shidan nan ki rubuto min sunayensu, ni zan yi musu nasiha ɗaya bayan ɗaya."

Ta yago takarda ta rubuta masa, har da godiya. Cikin huɗun dai an samu mai tausayi, ko da ya kayar da ita.

Ɗakin ya rage ita kaɗai. Ta zauna a benci ta danna saƙon Auta, kamar yadda take yi duk ran da duniya ta yi mata zafi. Ta manta wayar na jone da lasifika.

"Yaya, kar ki damu, gobe za mu tashi. Ki ce wa Umma ta sa ni a addu'a."

Muryarsa ta cika ɗakin. Shekara biyu tana jin wani ɗan shuu a bayan maganar, tana ɗauka iska ce. Yau da lasifika ta buɗe shi, sai ta ji ƙarar makullai, da wata murya mai taushi tana cewa, "Faɗa mata, ɗana, a wannan watan teku kamar tabarma take, a shimfiɗe."