Waifar Tasin Baba

Waifar, wato abin share gilashin mota, ta kuɓuce daga bakin hantsaki ta yi tsalle, ko ƙarar faɗuwarta Kean Huat bai ji ba. Tsawonta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, siririya kamar gashi, kuma ita ce ta ƙarshe a jikin fallen tagullar da ya yo oda. 'Yar'uwarta ta riga ta zauna daram a gaban 'yar motar da yake haɗawa.

Ya duba cinyarsa, ya kakkaɓe riga, sannan ya kashe fanka ya durƙusa. Duk mai haɗa ƙananan motoci a Penang ya san wannan durƙuson. Ka yini kana yanko abu da tsinin reza, ka lanƙwasa shi kana riƙe numfashi, sai a minti na ƙarshe ya ce ga garinku nan.

"Ah Huat, rana tana yi," in ji yayarsa Bee Choo daga bakin ƙofa. "Kaza ta huce, Mama tana cikin mota tun ɗazu."

"Kada ki shigo, Yaya. Za ki taka ta."

"In taka me?"

"Waifa."

"Ga furfura a kanka kana rarrafe kamar mai koyon tafiya. Bar ta da guda ɗaya mu wuce. Wa zai lura?"

"Baba."

Ta san gaskiya ne.

Motar da ke kan teburin tasin Babansu ce, baƙa mai rufi rawaya, an mayar da ita tsawon tafin hannu. Baba ya sayar da ta gaskiyar ne don Kean Huat ya yi karatun injiniya, shi kuwa ya watsar da karatun a tsakiya ya dawo gida. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai dai ba ka taɓa gama abu ba." Da ma marin sa ya yi, da tuni ya warke.

Bara da suka je gaida shi a kabarinsa da ke kan tudu, Kean Huat ya yi masa alkawari a gaban kowa cewa bana zai zo masa da tasinsa, babu abin da ya ragu. Abokan sana'a sun yi ta dariya da ya ƙi roba ya gina jikin da takarda mai kauri. Amma takarda ba ta yin mariƙin ƙofa, ba ta yin ragar gaba, balle waifa. Nan sai hannu ya koma abin da ya saba, ya ɗauko tagulla. Kuma mutumin da yake goge waifarsa kullum safiya, ko da hadari ko babu, ba a kai masa mota mai waifa ɗaya.

Ya kwantar da kumatu a ƙasa yana haska tocila. Ya ga ƙura, ya ga gashin kyanwa, ya ga wani madubi da ya ɓace masa tun bara. A waje Mama ta sa hannu ta danna hon. Gumi ya shiga idonsa, tsoro ya kama shi sosai, irin na yaron da za a duba wa sakamako.

"Ɗaga hannunka," in ji Bee Choo. "Wancan abin da ke ƙyalli a gwiwar hannunka fa?"

Gumi ne ya manne ta. Ya ciro ta, ya ɗiga gam da tsinin allura. Sau biyu tana karkacewa, a na uku ta zauna.

A hanya bai yarda kowa ya riƙe kwalin da ya saka tasin a ciki ba. Suka hau tudun da ƙafa cikin cunkoson iyalai, kowa da kwandonsa. Bee Choo ta share wurin, ta jera kaza da lemo, ta zuba wa Baba shayi. Da Kean Huat ya buɗe kwalin, Mama ta sunkuya ta taɓa waifar da farce. Ta ji tagulla ce, ta dubi fuskar ɗanta, ta janye hannunta.

"Baba, ga tasinka," in ji shi. "Na gama."

Ya ajiye ta gaban kabarin ya ƙyasta ashana, domin a al'adarsu abin da ya ƙone kaɗai ke isa hannun mamaci. Motar ta bi hayaƙi ta tafi wurin Baba, ta bar mariƙan ƙofa da raga da waifa biyun kwance cikin toka, wuta ba ta ci ko ɗaya ba.