Bindigar Amiru

Shekara ashirin Malam Shitu yana faɗa har bakinsa ya gaji: ba ƙaninsa Amiru ne ya harbe Alhaji Munzali ɗan takara a taron Kibiya ba. Mutumin da ko biri bai taɓa samu a gona ba? An ɗaure shi a banza.

Da takaici ya ishe shi, sai ya tafi Rano wurin maƙerin da ya ƙera wa Amiru bindigarsa.

"Baba, bindigar nan tana samun abin da aka auna?"

"Ko sau ɗaya," in ji tsohon. "Kullum kamu biyu take kaucewa. Wa ke tsaye kusa da Alhaji ranar?"

Shitu ya tuna ranar. Shi ne ke riƙe wa Alhaji lema, kamu biyu tsakaninsu.