Jinin Ila Lawal

Nafisat ta zauna a kan siminti a barandar asibitin, ta ɗora kwamfutar yayanta a cinya. Batirin ya wuce rabi da sauka, ga shi an ɗauke wuta tun hantsi.

Can ciki yayan nata Ja'afaru na kwance, bai san inda kansa yake ba. Mota ce ta kwashe Keke Napep ɗin da ya hau a hanyar Kawo. Likita bai ɓoye musu komai ba: ya zubar da jini sosai, kuma nasa O nagatif ne, wanda ba ya karɓar kowane sai irinsa. Asibitin ba su da shi. An gwada Umma, an gwada kawu Adamu, an gwada ita kanta, duk ba a dace ba.

Wata nas ce ta miƙo mata kayansa a baƙar leda: hula, makulli, babbar wayarsa da ta yi raga-raga, da ƙaramar wayarsa 'yar rakani-kashin da ya saya kwanan baya, wadda ta yi ta yi masa tsiya a kanta. Ta ajiye ledar a gefe, ko kallonta ba ta sake yi ba.

Abin takaicin, maganin wannan tashin hankali shi ne aikin da Ja'afaru ke yi. Matasan Unguwar Shanu sun kafa ƙungiyar masu ba da jini, shi kuma ya ɗauki nauyin gina musu manhaja da wani tsari da ake kira Laravel. Ƙofa huɗu ce, kamar yadda ya koya mata: shigar da bayani, duba shi, gyara shi, goge shi. Ta farko kaɗai ya gama. Mutum ne mai naci, ba ya sakin shafi sai ya gwada da hannunsa ya ga saƙon maraba ya shiga waya. Da ya gamsu, aka yi ta yi wa jama'a rajista a ƙofar masallacin Juma'a, suna, unguwa, irin jini, lambar waya. Ko takarda ɗaya ba a rubuta ba, don shi Ja'afaru ya ce an wuce zamanin takarda.

Ga ɗaruruwan sunaye a rumbun ajiyar manhajar, amma babu shafin da zai nuna su. Wanda ya iya leƙa rumbun kai tsaye yana can an sa masa ƙarin ruwa. Ita kuwa ɗaliba ce, duka-duka bara ta fara zama kusa da shi tana kallo.

Ta fara gina ƙofa ta biyun da kanta. Ta buɗe hanyar shiga shafin, ta rubuta umarnin da zai ɗauko bayanan, ta haɗa shafi. Ta danna. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ta karanta, ta ga waƙafi ne ta manta. Ta gyara, ta sake dannawa, wani jan ya sake fitowa. Wallahi da kuka na rubuta manhaja, da tuni ta gama.

Umma ta fito, mayafinta a hannu, idanunta sun kumbura.

“Nafi, ɗan'uwanki na can rai a hannun Allah, ke kina nan kina latse-latse?”

“Umma, jinin nake nema.”

Umma ta dube ta, ta dubi kwamfutar, ta koma ciki. Wannan kallon ya fi zagi zafi.

Aka kira la'asar. Kawu Adamu ya dawo daga wani asibitin hannu wofi. Batiri ya koma ja. Nafisat ta rage hasken fuskar har sai ta sunkuya take gani, tana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

Sai ga shi shafin ya buɗe. Sunaye suka zubo reras, daga Unguwar Shanu, daga Unguwar Sarki, har da na Malali. Ba ta da lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙara layin tacewa, ta ce a ware mata O nagatif kawai. Kwamfutar ta ɗan yi jim, sannan ta share kowa ta bar mutum guda.

Ila Lawal, Badarawa. Shi ne ma na farko a rajistar gaba ɗaya, tun kafin ranar da aka fara fita masallaci. Bawan Allah, ko jira bai yi a roƙe shi ba.

Ta kwafi lambar a tafin hannunta da biro, tana gamawa kwamfutar ta mutu. Ta tashi da gudu ta leƙa ɗakin.

“Umma, an samu. Yana nan Badarawa, kusa ne.”

Umma ta ɗaga hannu sama, hawaye na zuba. Kawu Adamu ya zaro makullin mota, ya ce ta kira ta ji kwatance, ko a ina yake zai ɗauko shi. Likita ya ce su hanzarta.

Ta koma baranda inda sabis ya fi kyau. Ta danna lambar a hankali, tana dubawa a tafinta kada ta yi kuskure. Ta kara a kunne, tana shirya kalmomin roƙo, har da wanda za ta haɗa shi da Allah da iyayensa. Kira ya shiga.

A gefen ƙafarta, baƙar ledar nan ta fara ƙara.

Ta tsuguna ta buɗe. 'Yar rakani-kashin ce ke haske, sunan mai kiran a fuskarta, “Nafi Sarkin Tsiya”. Ila Lawal suna ne kawai da Ja'afaru ya ƙirƙira ranar da yake gwada shafinsa, ya sa masa sabon layinsa, ya sa masa nasa jinin.