Lambar da ke Bakin Rijiya

Tanimu, zauna nan ka ji. Uwarka ta ce za ka karya layinka ka jefar don wani kamfani ya kwaɗaita maka garaɓasa. Ni ban yi boko ba, wayar ma sai an danna mini nake magana, amma na san abin da ake kira amana. Ajiye wayar nan in ba ka misali.

An yi wani mai haƙar rijiya da ke da wata ɗabi'a. Duk rijiyar da ya gama, kafin simintin bakinta ya bushe, sai ya ɗauki ƙusa ya zana lambar wayarsa a jiki, ya ce wa mutanen garin duk ranar da ruwa ya ja baya ko gefe ya zube, su kira shi, muddin yana numfashi zai zo. Haka ya bi ƙauyuka yana barin lambar nan, har shi kansa bai san iyakar inda ta kai ba. Da girma ya fara kama shi sai ya koma gonarsa a gindin wani dutse, inda sabis ɗin kamfaninsa ba ya sauka. In yana so ya ji ko an neme shi, sai ya hau kan suri ya ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Ana nan wani kamfanin dabam ya kafa ƙarfensa a bakin hanya, magana ta riƙa shiga har cikin ɗaki. Maƙwabta duka suka sayi sabon layi, suka watsar da tsofaffin. Suna wucewa suna yi masa dariya, suna cewa tsoho ya auri suri. Shi ma hawan ya ishe shi, gwiwa ta fara ƙara. Amma duk sanda ya yi niyyar cire layin sai ya tuna siminti ba ya gogewa, kuma ba zai iya bin rijiyoyin nan ɗaya bayan ɗaya yana sake zane ba. Ranar wata kasuwa ya ji ana hira cewa mutum na iya komawa wani kamfani da lambarsa, ba sai ya rabu da ita ba. Washegari ya ɗauki katinsa na ɗan ƙasa ya shiga mota zuwa birni. Ya sha zaman jira a benci, aka ɗauki hotonsa, aka ɗauki zanen yatsunsa da ƙyar, don diga ta cinye su. Aka gaya masa sauran katin da ke tsohon layin ba zai biyo shi ba. Ya ce su bar shi, ba kati ya kawo shi ba. Ya dawo gida da sabon layi a waya, lambar kuwa tana nan yadda take, ko ɗigo bai canza ba.

Shekaru suka shuɗe. Wata bazara mai zafi, a wani ƙauye can nesa, gefen rijiyarsu ya rufta ya toshe idon ruwa. Dattawan da suka yi jinga da mai haƙar duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda ya san sunansa balle garinsa. Mata suka koma ɗibar ruwan tafki inda shanu ke sha, yara suka fara ciwon ciki, wasu magidanta har sun soma zancen tashi su bar garin. An kawo wasu mahaƙa biyu, suka leƙa, suka ce ba su san yadda aka ɗaure cikinta ba, ba za su shiga ta binne su ba. Sai wata mata da ta zauna a bakin rijiyar tana hutawa ta ji kamar zane a ƙarƙashin tafinta. Ta kankare busasshiyar gansakuka da tsinke, sai ga lamba. Mijinta ya ce ɓata kati ne, wa ke riƙe lamba tsawon wannan zamani? Ta ce a dai gwada. Aka danna, ta shiga. A lokacin tsohon yana zaune a inuwar rumbunsa yana ɓarar gyaɗa, bai hau suri ba, bai ko miƙe ba. Ya tambayi sunan garin, ya ce ya tuna rijiyar, mai jan dutse a ƙasa, kada kowa ya taɓa gefen gabas. Ya zo da igiyarsa. Ƙarfin shiga ya ƙare masa, don haka ya zauna a baki yana nuna wa majiya ƙarfi inda za su tokare da inda za su kwashe. Suka yashe ta, ido ya buɗe, ruwa ya taso. Guga na farko shi aka miƙa wa. Ya sha, ya wanke fuska, ya yi hamdala. Da aka sake shafe bakin da siminti ya nemi ƙusa, ya zana lambar nan dai ta dā.

To ka ji, Tanimu. Kamfani guga ne. In ya yage ka sake wani, ba wanda zai ce ka yi laifi. Amma mai hankali ba ya cike rijiya don guga ya lalace. Kai tela ne, lambarka tana hannun mutanen da ka manta da su, su kuwa ba su manta da ɗinkinka ba. In sabis ɗin ya ishe ka, tashi ka je ofishinsu ka yi zaman benci kamar kowa, ka koma inda kake so da lambarka. Kada in ji an neme ka an rasa. Masu iya magana sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.