Bene Mai Ƙofa Ɗari Biyu

A layinmu kowa ya yarda ma'aikatan gidan waya ne suka sace wasiƙar tela. Ni kuwa maganar da kowa ya yarda da ita, ita nake fara tuhuma. Ga yadda abin ya faru, masu karatu.

'Yar tela guda ce, tana aure a ƙasar waje, da ɗanta mai shekara biyu. Takardar zamanta ta kusa ƙarewa. Hukumar can ta ce ta kawo ainihin shaidar aurenta, ba hoto ba, cikin wata biyu, ko a mayar da ita gida. Shaidar kuwa tana ƙasan akwatin mahaifinta.

Ta turo masa adireshi ta waya, layi shida. Tela ya duba, ya yi tsaki.

"Duk wannan na mutum ɗaya ne? Ko gidan gwamna ai bai kai haka ba."

Ya rage shi kamar yadda yake rage hannun riga. Ya rubuta "Auta", sunan da ake kiranta a gida, da sunan titi, da gari, da ƙasa. Ya ƙara da "dogon benen kusa da asibiti", don haka ya ji tana kwatantawa. Lambar ɗaki da lambar unguwa ya bar su, wai tarkacen boko ne.

Amininsa mai wanki ya leƙo shago ya ba da tasa gudummawar.

"Kada ka yi rajista, malam, kada ka sa sunanka a baya. Ambulan mai ƙyale-ƙyale shi ɓarawo ke buɗewa."

Haka tela ya sa shaidar a ambulan, ya jefa a akwatin gidan waya.

Sati uku, waya ta yi ƙara.

"Baba, har yau shiru."

"Tana hanya, 'yata. Hanyar ce da nisa."

Sati shida, ta sake kira.

"Baba, in aka buga ƙofa gabana faɗuwa yake. Ko kasuwa na daina fita. In suka ɗauke ni, wa zai riƙe mini ɗana?"

Tela ya ruga neman wata shaidar, aka ce sai ya jira wata guda. Ya dawo ya hau keken ɗinki, ya ɗinke bakin aljihun mutane bai sani ba. Matarsa ta daina taɓa abinci. In waya ta yi ƙara, sai su tsaya kallon juna, kowa na jiran ɗaya ya ɗauka.

Wa'adi ya cika. Auta ta dawo da jaka ɗaya. Ɗan yana can, domin takardarsa a kan ta ubansa take. Yanzu ta waya take jin yana kiran "Mama", tana toshe baki da mayafi.

Ana ta tsine wa gidan waya, na ɗauki sandata na tafi can. Ma'aikaciyar da ke kanta ta ji bayanina, ta shiga ciki ta fito da wani kwali mai ƙura.

"Iya, ga marayunmu. Duba ko taku na ciki."

Na gane rubutun tela nan take, shekara talatin yana rubuta awona. Ambulan a liƙe, ba wanda ya taɓa shi, sai hatimin ƙasar waje a kusurwa.

"Ta je, ta dawo," in ji ta. "Irin wannan bene sai ki tarar da ƙofa ɗari biyu. Wace za a buga? Wa ya san Auta a can? Titi mai suna ɗaya ma yakan kai uku a gari, lambar unguwa ce ke raba su."

"Yaushe ta dawo, 'yar nan?"

Ta duba hatimi ta faɗa. Na ƙirga da yatsu. A lokacin saura sati uku wa'adin ya cika.

"Da a ce akwai sunansa a baya, Iya, da a ranar mun kai masa."

Shagon tela layi uku ne daga nan.

Ba wanda ya saci wasiƙar tela. In za ku aika takarda ƙasar waje, ku kwafe adireshin yadda aka ba ku, layi bayan layi: cikakken suna, lambar gida da ta ɗaki, titi, gari da lambar unguwa, sannan ƙasa. Ku rubuta naku a baya, mai muhimmanci kuma ku yi mata rajista.