Jan Katin Muhsinu

Radiyon na kan buhun tattasai, mutane sun yi masa zobe a bakin shagon Abatcha. An ce za a nuna wasan a tele, sai da rana ta yi aka ji cewa manyan hukumar ƙwallo a Yamai ba su gama shiri da masu ɗaukar hoton wasan ba. Ba wanda ya yi mamaki. Su ne suka bar yaran ƙasa suka yini a filin jirgi ba abinci, su ne suka tura su gasar 'yan ƙasa da sha bakwai da rigunan aro.

Amma yau Diffa ba ta damu da wannan ba, domin ɗanta na cikin fili. Muhsinu Kalli, mai lamba tara.

Abatcha ne ya fara ba shi ƙwallo, a fagen yashi bayan tasha, lokacin da uwarsa Yagana ta taso da shi daga Assaga bayan rasuwar uban. Yaro ne gajere, marar magana, wanda ko an taka shi sai ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ci gaba. Ranar da aka kira shi Yamai, unguwa ce ta raka shi har bakin mota.

"Muhsinu ya tashi sama, ya fi kowa tsawo, ya sa kai!" in ji mai sharhi. "Ta shiga!"

Wurin ya ɓarke. Khalilu mai gyaran waya ya ɗaga benci sama yana ihu. Abatcha ya yi dariya har da hawaye, yana cewa a ransa, yaran nan da sun samu abinci mai kyau sai su miƙe kamar dawa. Ya kira Yagana don ya yi mata barka, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Kwana biyun nan haka take, ko kasuwa ta daina fitowa. Ya ce fargabar uwa ce.

Bayan hutu iska ta juya. Abokan hamayya suka rama. Suka ƙara. Muryar mai sharhi ta fara rawa, sannan ta tsinke gaba ɗaya.

"Subhanallahi! Muhsinu ya kai wa alƙalin wasa hannu! Ya ture shi ƙasa! Jan kati!"

Sai mai sharhi ya ƙara da cewa wannan laifi zai iya jawo a dakatar da ƙungiyar duka.

"Ƙarya ne," in ji Abatcha a hankali. "Yaron nan ko kaza ba ya kora da ƙarfi."

"To ga shi ya kori ƙasa guda!" Khalilu ya daka tsawa. "Mu muka yi masa rakiya, mu muka yi masa addu'a. Yanzu duk Nijar za a ce ɗan Diffa ne ya kunyata mu!"

Wani ya zagi hukuma, wani ya amsa masa cewa su waɗancan suna Yamai cikin sanyin ofis, wa zai kai gare su? Gidan Yagana kuwa ga shi nan bayan masallaci. Ba wanda ya faɗi haka da baki, amma Abatcha ya ga idanun samarin sun juya wajen. Ya ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse.

Bai tsaya rufe shago ba. Ya bi ta lungun masu niƙa, ya tsallake kwata, numfashinsa na fita da ƙyar. A bayansa hayaniyar tana tasowa, tana ƙara kauri.

Ƙofar gidan Yagana a kulle take da rana tsaka. Ya buga da tafin hannu.

"Yagana! Ni ne, buɗe!"

Ta buɗe kaɗan, ta tare da jikinta. Idanunta sun kumbura. A tsakar gida ya hango kwano biyu a kan tabarma.

"Malam Abatcha, ba ni da lafiya. Ka dawo gobe."

"Babu gobe. Samari na tafe da duwatsu. Ɗauki mayafinki, mu fita ta baya, ki zauna wajen iyalina."

"Ba zan iya barin gidan ba."

"Gida ya fi ranki ne?"

Daga ɗakin ajiyar tattasai Abatcha ya ji muryar mai sharhin nan, ƙasa-ƙasa, yana maimaita sunan da ya ɓata wasan. Dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Yagana ta zabura ta waiga wajen ɗakin, ba wajen titi ba.

Abatcha ya ratsa ta gefenta ya yaye labulen. Yajin tattasai ya shaƙe shi, ya yi tari, ya jira idonsa ya saba da duhun.

A bayan buhunan, wani ɗan gajeren yaro na zaune ya haɗa kai da gwiwa, radiyo a kunnensa. Ya ɗago a hankali.

"Baba Abatcha," in ji Muhsinu, "tun a Yamai mutanen hukumar ƙwallo suka karɓe fasfona suka sako ni a mota, suka ce in na bari aka gan ni, ni na jawo aka kori ƙasa. Wanda ke sanye da rigata yana wasa da sunana ɗan wani babba ne a hukumar, kuma wallahi ya girme ni nesa ba kusa ba."